Wayar Nikel: Zaren Da Ake Ɗinka Manyan Tankunan Iskar Gas Da Shi

Ran Jumma'a, 20 ga watan Oktoba na shekarar 1944, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, wani babban tanki na kamfanin iskar gas ya tsage a birnin Cleveland, cikin jihar Ohio ta Amurka. Abin da ke cikin tankin kuwa iskar gas ce wadda aka sanyaya har ta zama ruwa. Ruwan nan ya malalo bisa tituna, ya gangara cikin magudanan ƙarƙashin ƙasa, ya sake komawa iska, sa'an nan ya kama da wuta. Kafin a shawo kan gobarar an yi hasarar rayuka kimanin 130, unguwa guda kuma ta ƙone ƙurmus. Da masu bincike suka duba tarkacen, sai zarginsu ya fi ƙarfi a kan ƙarfen da aka ƙera tankin da shi, domin nikel ɗin da ke cikinsa kashi 3.5 ne kawai cikin ɗari, wannan kuwa bai isa ya hana ƙarfe yin gautsi cikin irin wannan sanyi ba. Sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin Amurka ta sake komawa ga ajiye iskar gas ta wannan hanya.

Yau jiragen ruwa na ɗaukar ruwan gas daga Ƙatar da Ostireliya da Amurka da Aljeriya da Nijeriya zuwa Turai da Gabas Mai Nisa, ana kuma tara shi cikin tankunan da faɗin wasunsu ya kai mita 80. Abin da ya sa mutane suke iya kwana kusa da irin waɗannan tankuna da kwanciyar hankali abu biyu ne: sabon ƙarfe, da kuma wata siririyar waya da ake haɗa fallayen ƙarfen da ita. Ita wannan waya, watau wayar walda ta gamin nikel, ita za mu yi bayani a kanta.

Abin da sanyi ke yi wa ƙarfe

Iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas. In ta zama ruwa, sai ta tsuke ta koma kashi ɗaya cikin 600 na wurin da take ci a da, shi ya sa ake iya loda ta a jirgi. To, amma baƙin ƙarfe na yau da kullum, irin wanda ake gina gadoji da shi, ba ya jimre wa wannan sanyi. A yanayin da muka saba, ƙarfe yana da danƙo: in an yi masa nauyi sai ya lanƙwashe, ya ba da alama, kafin ya karye. Idan sanyi ya wuce wani iyaka, sai danƙon ya tafi, ƙarfen ya yi gautsi kamar tangaran. Ƙaramar tsaga da ba a kula da ita ba tana iya ratsa falle guda cikin ƙiftawar ido.

Duniya ta koyi wannan darasi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Amurka ta shiga ƙera jiragen ruwa da walda maimakon ƙusoshi, don gaggawa. A watan Janairu na 1943 wani sabon jirgin dakon mai da ake kira Schenectady ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland, ruwa kwance, babu hadari babu igiya. Da farko an ɗora laifin a kan masu walda. Wata masaniya ta Jami'ar Kambirij a Ingila, Constance Tipper, ta nuna cewa asalin ciwon yana cikin ƙarfen kansa, wanda sanyin teku kaɗai ya isa ya sa shi gautsi. Waldar kuwa ta ba tsagar hanya ce, domin ta mai da jikin jirgin falle ɗaya, ba inda tsaga za ta tsaya.

Dalilin wannan yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin ƙarfe. Jerin da baƙin ƙarfe yake da shi yana cijewa in sanyi ya yi tsanani, sahun ƙwayoyin ya kasa zamewa bisa juna. Nikel, da jan ƙarfe, da alminiyam, jerinsu dabam ne, sahunsu yana zamewa ko da cikin matsanancin sanyi, saboda haka ba sa rasa danƙonsu. In aka zuba nikel cikin baƙin ƙarfe, sai iyakar gautsin ta yi ƙasa; gwargwadon yawan nikel, gwargwadon sanyin da ƙarfen zai ɗauka. Cikin shekarun 1940 kamfanin International Nickel ya fito da ƙarfe mai nikel kashi 9 cikin ɗari, wanda yake riƙe danƙonsa har zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri. A 1960 aka yi wani babban gwaji a Amurka, aka cika tankunan wannan ƙarfe da ruwan naitirojin, aka yi ta sako musu nauyi daga sama, aka ga sun jure. Tun daga lokacin ya zama ƙarfen da aka fi yin cikin manyan tankunan ruwan gas da shi a kan tudu.

Shi kansa nikel

Nikel farin ƙarfe ne mai sheƙi, yana narkewa a digiri 1,455. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya fara tace shi a 1751. Sunan ya samo asali ne daga masu haƙar ma'adinai na Jamus, waɗanda suke samun wani jan dutse mai kama da tamar jan ƙarfe, su narka su rasa jan ƙarfe a ciki, sai suka laƙaba masa sunan wani aljani mai yaudara na tatsuniyoyinsu. An sami tamarsa da yawa a tsibirin Sabuwar Kaledoniya cikin shekarun 1860, da kuma Sudbury ta ƙasar Kanada a 1883, lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Daga baya Norilsk ta arewacin Rasha ta shigo sahu. A 'yan shekarun nan Indunisiya ce kan gaba, ita ke fitar da fiye da rabin nikel da ake haƙa a duniya. Kusan kashi biyu cikin uku na nikel yana tafiya ne wajen yin ƙarfe marar tsatsa, irin na cokula da tukwane da kayan asibiti.

Baya ga wannan, akwai wasu ƙarafa na gami waɗanda nikel ne uwarsu, sauran kuwa ƙari ne. Na farkonsu da ya shahara shi ne Monel, gamin nikel da jan ƙarfe, wanda aka fito da shi a farkon ƙarni na 20, aka sa masa sunan shugaban kamfanin, Ambrose Monell. Ruwan teku ba ya cinsa. Sai dangin Inconel, gamin nikel da kuromiyam, masu jure zafi da tsatsa. Daga irin waɗannan ƙarafa ake jan wayar da muke magana a kanta.

Walda cikin lulluɓin iska

Kowa ya san mai walda na bakin titi, da sandarsa, da tartsatsin da ke kashe ido. Wutar lantarki ce take tsallakawa daga bakin sandar zuwa ƙarfen, ta haifar da wani harshe mai zafin da ya wuce digiri 5,000, ya narkar da gefen ƙarafan biyu tare da sandar, su gauraya, su daskare su zama abu guda. Babban abokin gaban narkakken ƙarfe shi ne iskar da muke shaƙa. Oksijin yana ƙona shi, naitirojin yana shiga cikinsa ya bar ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ɓawon da aka shafa wa sandar walda aikinsa ke nan: ya ƙone, ya ba da hayaƙi da dattin da za su rufe narkakken ƙarfen har ya huce.

Akwai wata hanya da ta fi wannan tsabta, watau a hura wata iska wadda ba ta gamuwa da kome, ta lulluɓe wurin, ta kori iskar sarari. Iskar da aka fi amfani da ita ita ce argon, wadda Lord Rayleigh da William Ramsay suka gano a Ingila a 1894, wadda kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na iskar sarari ba. Ta biyu ita ce hiliyam. Ana kawo su cikin tukwanen gas, su bi ta tiyo, su fito ta bakin abin waldar.

Hanyoyin yin haka iri biyu ne manya. Ta farko ita ce wadda ake kira TIG, wadda Russell Meredith ya kammala a kamfanin jiragen sama na Northrop a 1941. A nan wutar tana fitowa ne daga wani tsinke na tangistan, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 3,400, saboda haka tsinken ba ya ƙarewa. Mai walda yana riƙe da tsinken a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana tsoma wayar ciko cikin narkakken ƙarfen, ɗigo ɗigo. Aiki ne mai jinkiri, amma ba abin da ya kai shi kyau. Hanya ta biyu, wadda ake kira MIG, an fito da ita a Cibiyar Battelle ta Amurka a 1948. A nan wayar ce da kanta take ɗauke da wutar. An naɗe ta a ƙwarƙwaro, inji yana turo ta ba tsayawa ta cikin bindigar walda, tana narkewa tana cika gaɓar. Ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Wayar hannu ana sayar da ita a miƙe, tsawonta kimanin mita ɗaya, kaurinta daga milimita 1.6 zuwa 3.2 galibi. Ta inji kuwa ta fi siranta, daga milimita 0.8 zuwa 1.6, ƙwarƙwaro guda yakan kai kilo 15. Tun da waya tsirara take, ba ta da ɓawon da zai gyara mata kuskure, duk abin da ake so ya kasance cikin gaɓar dole a sa shi cikin wayar tun daga masana'anta.

Yadda ake karanta sunan waya

Ƙungiyar masu walda ta Amurka ta tsara sunayen waɗannan wayoyi cikin ƙa'idarta mai lamba A5.14, sunayen kuma su ake gani a jikin kwali a kusan kowace ƙasa. Sunan yana farawa da ER, ma'ana ana iya amfani da wayar ta hanyoyin nan biyu. Haruffan da ke biye alamun sinadarai ne: Ni nikel, Cr kuromiyam, Mo molibdinam, Cu jan ƙarfe, Fe baƙin ƙarfe.

ERNi-1 kusan zallan nikel ce, da ɗan titaniyam wanda ke kame iskar da za ta bar ramuka. ERNiCu-7 ta dangin Monel ce, don famfuna da bututun ruwan teku. ERNiCr-3, wadda masu sana'a suka fi sani da lamba 82, tana da nikel aƙalla kashi 67 cikin ɗari, kuromiyam kimanin 20, da manganis da niyobiyam kaɗan. ERNiCrMo-3, watau 625, tana da nikel aƙalla kashi 58, kuromiyam 20 zuwa 23, molibdinam 8 zuwa 10, niyobiyam kusan 4. An ba da takardar mallakar wannan gami a Amurka a 1964. ERNiCrMo-4 kuwa molibdinam ɗinta ya kai kashi 15 zuwa 17, har da tangistan, don wuraren da ruwan asid ke cin ƙarfe.

Kowane ƙari da aikinsa. Kuromiyam yana yin wata siririyar fata a bisa ƙarfen wadda ke hana tsatsa. Molibdinam yana ƙara ƙarfi, yana kuma hana gishiri huda ƙarfen. Niyobiyam da manganis suna taimakawa wajen hana gaɓar tsagewa sa'ad da take daskarewa.

Me ya sa ba a ɗinka ƙarfe da irinsa?

Mai karatu yana iya tambaya: in fallen tanki nikel ɗinsa kashi 9 ne, me zai hana a yi waya mai kashi 9, a huta da tsadar waya mai kashi 60? Amsar ita ce, danƙon fallen ya dogara ga nikel da kuma horon da aka yi masa a masana'anta, inda aka gasa shi, aka tsoma shi a ruwa, aka sake ɗumama shi a zafin da aka auna, kamar yadda maƙeri yake yi wa bakin gatari. Gaɓar walda kuwa ƙarfe ne da ya narke ya daskare nan take a filin aiki, ba kuwa tanderun da za a sa tanki mai faɗin mita 80 a ciki. Akwai waya mai kama da fallen, amma tana da wuyar sha'ani, ba a cika aiki da ita a manyan tankuna ba. Wayar gamin nikel kuwa da zarar ta daskare tana da danƙonta, ba ta bukatar wani horo.

Dalili na biyu shi ne miƙewa da tsukewa. Kowane ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, amma ba daidai wa daida ba. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, in aka ƙara mata zafi digiri 100, za ta miƙe da kimanin milimita 1.2. Ta ƙarfe marar tsatsa za ta miƙe da kimanin 1.7, ta gamin nikel kuwa kimanin 1.3. Ashe ke nan gamin nikel ya fi kusa da baƙin ƙarfe. Tankin da ake gina shi cikin zafin rana, sa'an nan a sanyaya shi da kusan digiri 200, in gaɓarsa da fallensa ba su tsuke tare ba, ja-in-ja za su yi ta yi har ɗaya ya gaji.

Dalili na uku, nikel yana da haƙuri da baƙi. Duk lokacin da aka yi walda, wani sashe na fallen yana narkewa ya shiga cikin gaɓar ya surka ta. Gamin nikel yana iya shanye baƙin ƙarfe mai yawa ba tare da halinsa ya sāke ba, alhali kuwa wata wayar in an surka ta haka sai ta yi tauri da gautsi.

Amma akwai abin da ake biya. Gaɓar nikel ba ta kai fallen ƙarfi ba, don haka injiniyoyi suna lissafin kaurin bangon tanki bisa ƙarfin gaɓar. Bugu da ƙari, wannan falle yana saurin kama maganaɗiso, in kuwa ya kama, sai ya riƙa karkatar da harshen wutar gefe, waldar ta lalace. Shi ya sa ba a ɗaga shi da ƙugiyar maganaɗiso, ana kuma auna shi kafin a fara aiki. Kafin a amince wa kowace hanyar walda, sai an yanko 'yan guntaye daga gaɓar gwaji, an tsoma su cikin ruwan naitirojin, an sare su da guduma mai lilo, an auna ƙarfin da suka sha kafin su karye. Wannan gwaji yana ɗauke da sunan Bafaranshe Georges Charpy, wanda ya bayyana shi a 1901.

Da irin wannan shiri cinikin ruwan gas ya bunƙasa. A 1959 jirgin Methane Pioneer ya kai kayan gwaji na farko daga Louisiana zuwa tsibirin Canvey a bakin kogin Tems. A 1964 Aljeriya ta fara sayar wa Ingila daga tashar Arzew. Nijeriya ta yi lodinta na farko daga tsibirin Bonny a watan Oktoba na 1999, Kamaru kuma ta bi sahu a 2018 daga gaɓar Kribi.

Sauran wuraren da ake bukatarta

A tashoshin lantarki da matatun mai, akwai inda bututun baƙin ƙarfe yake gamuwa da na ƙarfe marar tsatsa, domin wani sashe ya fi wani zafi. An daɗe ana haɗa su da waya marar tsatsa, aka ga gaɓoɓin suna tsagewa bayan wasu shekaru. Dalili kuwa, ban da bambancin miƙewa, sinadarin kabon yana ƙaura daga baƙin ƙarfen zuwa gaɓar in zafi ya daɗe, ya bar wani siririn layi marar ƙarfi. Nikel ba ya jan kabon kamar haka, saboda haka gaɓar da aka yi da lamba 82 ta fi daɗewa ƙwarai.

A rijiyoyin mai da gas na cikin teku, da waɗanda iskarsu ke ɗauke da gubar farar wuta, ana yin wata dabara ta tsimi. Maimakon a ƙera bututu ko famfo gaba ɗaya da gamin nikel, sai a yi shi da baƙin ƙarfe, sa'an nan inji ya shimfiɗa masa lamba 625 a ciki, layi bisa layi, kaurin kimanin milimita 3. Baƙin ƙarfen ya ɗauki nauyi, shimfiɗar ta tare tsatsa. Haka ake yi wa bututun tanderun ƙona shara a Turai.

Har ila yau, makanikan da ke gyaran injuna a Kano ko Kumasi ko Ndjamena sun san amfanin nikel, ko da ba su san wayar ba. Gangar inji da aka yi da ƙarfen zubi tana da kabon da yawa, in aka yi mata walda da sandar yau da kullum sai gaɓar ta yi tauri ta tsage tana hucewa. Sandar nikel ita ke maganin wannan, domin tana da taushi, tana miƙewa ta bi ƙarfen. Hikimar ɗaya ce da ta tankin gas.

Abin da ake bukata daga mai walda

Wanda ya saba da baƙin ƙarfe, ranar da ya fara taɓa wayar nikel zai ga abin mamaki. Narkakken baƙin ƙarfe yana gudu kamar ruwa, na nikel kuwa yana da nauyin jiki kamar kunu mai kauri, ba ya bazuwa, ba ya kuma nitsewa can ciki. Sabon hannu sai ya ƙara wuta, ya zaci zafi ne bai isa ba. Wannan kuskure ne, domin ƙarin wutar ba ya sa shi gudu, sai dai ya ƙone sinadaran da ke kāre gaɓar. Abin da ake yi shi ne a buɗe bakin gaɓar ya fi na baƙin ƙarfe faɗi, mai walda kuma ya kai narkakken ƙarfen da hannunsa duk inda ake so ya je.

Na biyu, tsabta. Farar wuta in ta gamu da nikel tana haifar da wani gami mai narkewa a kimanin digiri 640 kacal. Sa'ad da gaɓar ta daskare, wannan gami yana nan da ruwansa a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, da gaɓar ta fara tsukewa sai ta yage ta nan. Farar wuta kuwa tana cikin man inji, da giris, da fenti, da alli mai maiƙo da ake yin alama da shi. Dalma ma haka take yi. Saboda haka ake wanke gaɓa da waya kafin a fara, a riƙe waya da safar hannu mai tsabta, a keɓe buroshi da dutsen wāshi waɗanda ba su taɓa baƙin ƙarfe ba. Haka kuma fatar da oksijin ke yi a bisa nikel ba ta narkewa sai zafi ya kusa digiri 2,000, watau ƙarfen yana narkewa ya bar ta. In ba a kankare ta tsakanin layi da layi ba, sai ta maƙale a ciki.

Na uku, a bar kowane layi ya ɗan yi tozo, kada ya lotsa, domin layin da ya lotsa shi ya fi tsagewa ta tsakiya. A kuma cike ramin da ke saura inda aka tsaya. A bar ƙarfen ya huce zuwa kimanin digiri 150 kafin a ɗora wani layi. In bututu ne, a cika cikinsa da argon don bayan gaɓar ma ya sami lulluɓi. Iskar kabon da ake walda baƙin ƙarfe da ita don araha ba ta dace da nikel ba, sai fa ɗan kaɗan ƙwarai cikin gauraye na musamman. A fili kuma dole a kafa kariya, domin iska mai kaɗawa tana yaye lulluɓin.

Inda wayar ta gaza

Kada a ɗauka nikel maganin kowane ciwo ne. Masu gina tashoshin nukiliya na shekarun 1960 da 1970 sun yi amfani da gami mai lamba 600, da kayan waldarsa 82 da 182, suna ganin ruwan zafi ba zai taɓa su ba. Bayan shekaru aka ga wata irin tsaga tana tafiya a hankali cikinsu, wadda zafi da matsi da ruwa suka haɗu suka haifar. A shekarar 2000 aka sami gaɓar wani babban bututu tana yoyo a tashar V.C. Summer ta jihar Karolina ta Kudu. A watan Maris na 2002, a tashar Davis-Besse ta jihar Ohio, aka tarar ruwan da ya tsiyayo ta irin wannan tsaga ya cinye murfin tukunyar nukiliya mai kaurin kimanin santimita 15, har ba abin da ya rage a wurin sai shimfiɗar ƙarfe marar tsatsa da ba ta wuce santimita ɗaya ba. Maganin da aka samu shi ne ƙara kuromiyam zuwa kusan kashi 30 cikin ɗari, watau gami mai lamba 690 da kayan waldarsa 52 da 152. Su kuma waɗannan sun fi wuyar walda, sai da aka yi ta gyara su.

Kuɗi da lafiya

Wayar nikel tana da tsada, kilo guda yana sayen kilo da yawa na wayar baƙin ƙarfe, farashinta kuma yana bin na nikel a kasuwar ƙarafa ta London. Ran 8 ga watan Maris na 2022, kusan makonni biyu bayan Rasha ta shiga Yukiren, farashin tan guda ya haura dala 100,000 cikin 'yan sa'o'i, har kasuwar ta dakatar da cinikin nikel na kwana takwas. Daga baya ya faɗi, saboda yawan abin da Indunisiya ke fitarwa. Irin wannan tsada ce ta sa Japan ta fito da ƙarfen tanki mai nikel kashi 7, Koriya ta Kudu kuma ta fito da mai manganis da yawa. Ita ce kuma take sa wasu 'yan kwangila jarabar musanya waya da mai araha. Da ido ba a bambanta wayar nikel da ta ƙarfe marar tsatsa, don haka a manyan ayyuka kowane kwali yana zuwa da takardar shaida mai lambar narki, masu duba aiki kuma suna da wata na'urar hannu da ke faɗin sinadaran gaɓa cikin daƙiƙoƙi.

Game da lafiya, a 2017 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam. Hayaƙin da ke ɗauke da nikel da kuromiyam yana cikin waɗanda aka fi kiyayewa. Argon kuma ba ta da launi, ba ta da wari, ta fi iskar sarari nauyi, tana taruwa a ƙasan tanki ko cikin bututu, mutum ya shiga ya faɗi bai ji kome ba. Duk wanda aikinsa ya kai shi irin waɗannan wurare, ko a Jubail ne ko a Aberdeen ko a Houston, hakkinsa ne ya nemi na'urar zuƙe hayaƙi, da abin rufe hanci da ya dace, da kuma a auna iskar wuri kafin ya sa kansa ciki. Matashin da ke son shiga wannan sana'a kuwa, ya sani ba a ba mutum irin wannan gaɓa sai ya ci jarrabawar hannu, an haska aikinsa da hoton ƙashi an ga ba rami ba tsaga, takardar kuma tana faɗuwa in ya yi wata shida bai taɓa aikin ba.